Ranar da Rachida Ta Kira Sunan Surukarta

Hajiya Hamsatou ta zo Greensboro ta ƙasar Amurka daga Damagaram a shekarar 2006, wai ta ga jika ta koma, sai zama ya miƙe. Ɗanta Alassane direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Matarsa Rachida tana aikin kula da tsofaffi a unguwar Sedgefield. 'Yarsu guda ce, mai shekara shida, kuma sunan Hajiya aka sa mata.

To kun san yadda abin yake a wurinmu. Ga ta 'yar fari, ga sunan suruka a kanta. Rachida ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ummi take ce mata, in ranta ya ɓaci ta ce "ke". Hajiya kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ta faɗa masa. "Amurka ta cinye wa yaran nan abubuwa da yawa," in ji ta, "amma ba ta cinye kunyar Rachida ba."

Da aka yi dogon hutun makaranta, Rachida ta sa yarinyar a wani wuri a gefen garin Pleasant Garden, inda ake koya wa ƙananan yara wasan kwaikwayo a fili, ƙarƙashin itatuwa. Hajiya ta taɓe baki. Ta ce a garinsu yara da kansu suke wasansu a dandali, nan kuwa sai an kwashe su an kai daji, an nemo malami ya koya musu ƙarya, sauro yana cizonsu.

Malamin shi ne Mista Malachy, wani dogon Bature mai malafa, wanda ba ya yi wa yaro magana sai ya durƙusa. Wasan da ya shirya musu na 'yan tsuntsaye ne da hadari ya watsa. Kowane yaro zai laɓe a bayan itace, ba zai fito ba sai uwarsa ta tashi daga cikin 'yan kallo ta kira sunansa. Bawan Allah a ganinsa ya ba iyaye aikin da ya fi kowanne sauƙi.

Yarinyar ta gaya wa uwarta a mota, da Turancinta na hanci. "Mommy, sunana na gaskiya za ki faɗa. Ba Ummi ba. Kowa a can ya san sunana, ke kaɗai ce ban taɓa ji kin faɗa ba."

"Allah ya kai mu," Rachida ta ce. A ranta ta riga ta yi lissafi cewa Hajiya ba za ta je kallon abin da ta raina ba, kuma a gaban Turawa zalla za ta iya daurewa.

Ranar Asabar ɗin wasa, kafin kowa ya shirya, Hajiya ta ɗaura leshinta, ta shiga mota ta zauna a gaba. Ni ma, da yake maƙwabta muke, na bi su, don ba na so a ba ni labari.

An jera dammunan ciyawa a matsayin kujeru. Ga zafi, ga ƙwari suna kuka a kan itatuwa. Yara suka yi ta gudu da fukafukan kwali, wani yana kaɗa faranti a madadin tsawa, har kowa ya laɓe. Mista Malachy ya fara zagayawa da makirufo. Wata ta kira ɗanta, ya fito da gudu, aka tafa. Wata ta kira tata har tana share hawaye. A hankali itatuwa suka zama babu kowa a bayansu, sai guda, inda wani fiffike mai ruwan ɗorawa yake leƙowa.

Aka miƙa wa Rachida makirufo. Ta dubi Hajiya, ta dubi ƙasa. "Ummi," ta ce.

Fiffiken bai motsa ba.

"Ummi, ki fito mana, ana jira."

Mista Malachy ya sunkuyo, cikin tausayi, ya raɗa mata sunan 'yarta, ko ta manta saboda taron jama'a. Har ya rarraba mata shi gaɓa-gaɓa. Rachida ta yi masa godiya, zufa tana bin wuyanta.

Hajiya ta zungure ta da gwiwar hannu. "Faɗi mana. Sunan ba zai ƙare ba."

"Inna, a gabanki?"

"Yau na yafe."

"Bakina ba zai iya ba, Inna."

Sai Hajiya ta karɓe makirufon, ta kira sunan kanta da ƙarfi, ta ƙara da, "Takwara, fito, ƙafafuna sun gaji." Turawa suka fara tafi, sun zaci an gama. Wata ƙaramar murya ta fito daga bayan itace, tana rawa. "Ba ke ba, Kaka. Mommy."

Tafin ya tsaya. Ni dai na ga fiffiken ya sauka ƙasa, na san kuka ya kusa.

Hajiya ta mayar wa Rachida makirufo, ta gyara mayafi. Ta ce ta bar carbinta a mota, za ta je ta ɗauko, kuma kada kowa ya biyo ta. Carbin yana naɗe a hannunta, duk muna gani. Ta bi ta tsakanin mutane a hankali, ta wuce teburin lemo, ta sha kwanar shinge, ta ɓace wajen ajiye motoci.

Rachida ta jira har ta tabbata. Ta kai makirufo bakinta, ta runtse ido, ta faɗa can ƙasa-ƙasa, yadda ake raɗa: "Hamsatou."

Abin da ba ta lura da shi ba, an ɗaura lasifika ɗaya a jikin shingen nan, tana fuskantar motoci. Raɗar ta fita kamar sanarwar tasha. Daga can nesa, kafin Hajiya ta tuna cewa bai kamata ta ji ba, muryarta ta amsa: "Na'am."

Yarinyar ta fito a guje, fiffike ɗaya ya tsinke a hanya, ta faɗa jikin uwarta. "Sake faɗa," ta ce.

"Ke, ya isa haka," in ji Rachida, tana ƙanƙame da ita.

Da muka isa mota, mun tarar da Hajiya tana firfita da takardar shirin wasa. Ta tambaya ko an tashi. Ta ce ita ba ta ji komai ba, wata Baturiya ce ta gaishe ta a nan, ta amsa mata.