Bunsurun da Ya Cinye Naushi

Daren jiya, bayan na yini ina fama da haɗa fim ɗinmu na zane, na yi wani mafarki. Wai ga ni a bakin wata iyaka, riƙe da hannun Barmo, ɗan damben da na zana. Hoto ashirin da huɗu ne motsinsa a kowace daƙiƙa, haka na yi shi. Can ƙetare ana jiransa a filin damben da abokin aikina Lawi ya zana.

Ruwan sama na tashi daga ƙasa, kowa ya riƙe laimarsa a kife.

Jami'in ƙofar fita bunsuru ne, da tabarau da hatimi. Ya ce kayanmu sun yi nauyi, sai an rage. Kafin in buɗe baki ya zare hoto ɗaya daga kafaɗar Barmo ya haɗiye.

Sai ga mu a fili. Makaɗan Lawi da hoto talatin suke tafiya, kiɗansu ya yi gaba ya bar Barmo a baya. Barmo ya kai hannu, ashe hoton naushin ne bunsurun ya ci. Abokin karawarsa ya faɗi ba a taɓa shi ba. 'Yan kallo suka ce asiri ne, a kore shi daga fili.

Barmo ya dube ni. "Uwar ɗakina, haka za ki bari a ce ban iya ba?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ƙofar fita, bunsuru ya ce abin da ya shiga ciki ya shiga ke nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai da kake tuƙa?"

Kunya ta kama shi. Ya dawo da hoton daga cikinsa, na shanya shi a kan tebur don kada ruwa ya taɓa. Daga nan na hau tsani na murɗa rana a hankali, har filin duka ya sauko ashirin da huɗu.

Barmo ya sake kai hannu. Naushi ya sauka daidai kan bugun kalangu, fili ya ɗauki sowa. Don murna na ce ya ƙara. Ya ƙara, tim, tim, tim.

Na farka, ashe maƙwabciyata ce take daka. Ko fuska ban wanke ba na kira Lawi, na ce ya mai da filinsa ashirin da huɗu kafin mu haɗa. Ya tambaye ni wa ya gano matsalar. Na ce wani jami'i ne, amma da ƙyar ya amayo ta.