Kwamfutar Coci Ta Ƙoshi

Sieni ta sake buga lambar sirri. Kwamfutar cocin ta karɓa, ta yi ɗan ƙugi, allon ya yi baƙi ƙirin, sai kuma ta dawo tana neman lambar kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Kai, wannan wace irin jaraba ce!

A waje yaran ƙauye sun jeru cikin fararen kaya, don yau Lahadin Yara ce, su ke hawa gaba su yi hadda, manya su saurara. 'Yarta Sinalei ce za ta buɗe. Mahaifiyar Sieni kuwa tana kwance a asibiti can birnin Auckland, likitoci sun daina yi musu alkawarin komai, kuma abu ɗaya tsohuwar ta roƙa: ta ga jikarta tana karatu. Wannan kwamfutar ce kaɗai ke haɗe da kyamara da lasifikar coci.

Ta kira ƙanenta Peni a waya, wanda ke jinyar Mama, shi ne kuma masanin kwamfuta a gidansu.

"Yaya, ruwan kwakwa kika ba ta?"

"Kai zan sheƙa wa in ka dawo. Yi magana!"

Ya sa ta danne maɓallai uku lokaci guda, wani ɗan farin rubutu ya fito. Ya yi mata shifta harafi-harafi, ta buga, ta karanto masa amsar.

"Ɗari bisa ɗari? Ai lafiyarta ƙalau, ƙoshi ne. Ta cika maƙil, ko wurin da za ta shimfiɗa miki allo babu. Bari mu ga me ta ci."

Suka duba. Wa'azin Fasto Iosefa ne na bidiyo, tun daga ranar da aka sayi kyamara. Shi kuwa Fasto, Allah ya ƙara masa lafiya, in ya hau mumbari hanyar sauka ɓace masa take yi.

"Goge su," in ji Peni.

"Ni? Mutumin da ko ta gabansa ba a wucewa sai an sunkuya? Kai kana Auckland abinka, ni za a gurfanar gaban dattawa."

Dattijo Tuala, ma'ajin makullan coci, ya leƙo, ya ji batun, ya dafe ƙirji. Ya ce wannan magana sai an kira zama, an shimfiɗa tabarma, ranar Talata in Allah ya kai mu. Sieni ta ji kamar ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Wa ya ba Mama Talata?

Ana haka matar Fasto ta shigo da maficinta.

"Wa ya shanya min yara a rana?"

Sieni ta durƙusa, ta yi bayani tana in-ina. Matar ta gyara tabarau.

"Har da na Yunusa da kifi a ciki?"

"Kashi-kashi ma, ranki ya daɗe."

"'Yar nan, kowace Asabar a kaina ake gwada su, ni da kaji. Duk wanda ya yi kewarsu ya zo in biya masa da ka. Ina ake dannawa?"

Peni ya faɗa, Sieni ta buga, matar Fasto ta danna da yatsanta. Tuala ya juya baya don kada a ce ya gani. Aka kashe aka kunna, sai ga allo ya buɗe tarwai. Nan take Peni ya haɗa su da Mama ta bidiyo.

Yara suka shigo. Fasto, da bai san wainar da aka toya ba, ya miƙe ya ce zai gai da mara lafiya da kalma biyu kacal. Ya tsaya daidai saitin kyamara, ya soma daga Adamu. Sinalei na bayansa, ko gefen rigarta ba a gani.

Sai wata murya ta fito daga lasifika, siririya, tana haki.

"Fasto, na gode. Amma ni ba ni da lokaci irin naka. Matsa min in ga jikata."

Fasto ya matsa gefe. Sinalei ta tako gaba ta soma. Sieni ba ta ji ko aya ɗaya ba, don kuka take yi, idonta na kan allo, inda bakin Mama ke bin karatun a hankali.