Fatalwar da Ta Ƙi Tafiya a Hankali

Shekara ashirin da biyu ke nan Gwaggo Ethel tana tashi a barandar gidan su Havlicek duk ranar Halowin, bikin da yara ke shigar dodanni suna bin gidaje neman alewa, ba ta taɓa ba kowa kunya ba sai bana. Gwaggo Ethel dai fatalwa ce: farin yadi shara-shara, kai na roba, da zaren fatsa uku, ɗaya a ka, biyu a hannuwa, duk sun bi ta rufin baranda sun haɗu a jikin wani ƙarfe da injin waifa, mai share gilashin wata tsohuwar mota, ke juyawa. Vern, mai gidan, shi ne ya ƙera ta da hannunsa. In ta fara, sai kai ya ɗago a hankali, hannun dama ya biyo, na hagu ya biyo, kamar tsohuwar da ta manta inda ta ajiye tabarau. Wannan sanyin jikin shi ne duk abin tsoron. Yaran unguwa kan tsaya cak a bakin hanya da jakunkunan alewarsu, har iyayen ma sai sun ɗan yi jim.

Bana Vern ba ya gida. Tun watan Maris ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke, yana gidan kula da tsofaffi yana kallon bango. Matarsa Lorna ta kai masa hotuna, ta kai masa miyar da yake so, ko kallo ba su ishe shi ba. Ran nan ne, don dai kada a yi shiru, ta ce masa, "Ranar Halowin 'yarmu Trish za ta ɗauko ka, ka ga Ethel tana tashi kamar kullum." Sai ga idonsa ya juyo ya tsaya a kanta. Wata bakwai rabon da ya yi haka. Tun daga ranar Lorna ta ɗauki maganar alkawari, ita da ko fis ɗin wutar lantarki ba ta taɓa canzawa ba.

Maƙwabcinsu Duane Sorensen ne ya zo taimako. Wasiƙu ya raba har ya yi ritaya, amma a ransa shi injiniya ne da ba a gano ba. Ƙarfe biyu na rana suka sauko da akwatin da ake ajiye fatalwar, suka rataye Ethel, suka bi wayoyin daga cajar batir zuwa injin. A tsakiya sai suka tarar waya ɗaya ta shiga wani gwangwanin kofi mai murfi ta fito ta ɗaya gefen. Duane ya buɗe. Wani ɗan kwan fitila ne a ciki, ya fashe.

"Fitila a gwangwani, kuma da murfi," in ji Duane. "Wa take haska wa, ɓeraye? Vern ɗin nan da tarkace."

Ya yanke wayoyin, ya haɗa su kai tsaye, ya cilla gwangwanin a kwandon shara. Lorna ta jona caja.

Ethel ta zabura. Kai sama, kai ƙasa, hannuwa na faɗi-tashi kamar mai korar ƙudan zuma. Wani kare da ke wucewa ya tsaya yana kaɗa mata bindi.

"Ba haka take yi ba," Lorna ta ce.

"Ɗumi take yi, maƙwabciya. Shekara guda tana kwance."

Ba ɗumi ba ne. Lorna ta ɗauko littafin Vern, wanda ya cika da zane-zanen da shi kaɗai ya san kansu. Abu ɗaya ta iya karantawa: sau goma a minti. Ta duba agogo ta ƙirga, ta sami arba'in da biyu. Ta rasa ta inda za ta kama zancen. Injin nan shi ne na bara, cajar ita ce, zaren ma shi ne. To daga ina saurin ya fito?

Duane ya ce injin waifa ai gudu biyu gare shi, a kan na ruwan sama mai ƙarfi suka sa. Ya canza waya. Ashe a kan na yayyafi suke. Ethel ta ƙara wuta har yadin ya naɗe mata a wuya. Ya ruga gida ya cire makunnin da ke rage hasken fitilar ɗakin cin abincinsu, ya jona cajar a kai. Cajar ta hau gurnani, Ethel ta tsaya ƙiƙam da hannu ɗaya a sama, can ta fizga, ta sake tsayawa. Ya zare makunnin, ya ɗaura mata gwangwanin wake a ciki don nauyi ya ja ta. Gudun bai ragu ba, sai dai yanzu in ta sauko tana dukan kabewar da ke kan matakala.

"Duane, ka gaya min gaskiya. Ka san abin da kake yi?"

"Na san abin da ya kamata ya faru. Ita ce ba ta sani ba."

Ƙarfe huɗu da rabi motar Trish ta tsaya, rabin awa kafin lokaci. Trish 'yarsu ce, kuma ba ta taɓa makara ba sai in ana bukatarta. Ta sauko da uban a keken guragu, bargo a gwiwa, ta turo shi har gaban baranda. Lorna ta so ta zare cajar, hannunta ya ƙi.

Vern ya kalli Ethel tana ta bori. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna gareji, inda tsohuwar a-kori-kurarsa ke ajiye, ya yi wani sauti daga maƙogwaro.

"Batirin motar yake so a sa," in ji Duane.

"A'a, mota yake nunawa. So yake a mayar da shi," Trish ta ce. "Baba, ka gaji ko? Mama, na faɗa miki abin nan zai yi masa yawa."

Lorna ta ji zuciyarta ta karye. Abu ɗaya tak ya nuna yana so a wata bakwai, shi ma ta mayar masa da shi abin dariya. Ta ce, "Yi haƙuri, tsohona. Na gwada."

Trish ta fara juya keken, sai keken ya ƙi. Vern ya damƙe taya da hannu, jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa. Ya sake nuna gareji. Babu wanda ya gane, don haka suka tura shi can, tunda ba su da wata dabara. Trish ta nufi ƙofar direba, ya girgiza kai. Duane ya nufi bonet, ya girgiza kai da ƙarfi. Sai da suka kai shi bayan motar ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa jar fitilar birki. Ya juyo ya zagaya yatsan a iska, ya kifa tafin hannu a kai kamar mai rufe wani abu.

Lorna ta tsaya baki buɗe. Can ta juya, ta tafi kwandon shara, ta zaro gwangwanin kofi ta ɗaga. Vern ya lumshe ido.

Duane ya kwance fitilar motar ya ciro kwan, ya sa a gwangwanin, ya mayar da wayoyin yadda ya same su, ya cire gwangwanin waken, yana ta gunaguni cewa wannan ba ya cikin kowane littafi. Lorna ta jona. Kwan ya kawo wani haske ja-ja, yana ƙaruwa in Ethel za ta ɗago, yana dushewa in ta sauka. Kai ya tashi a hankali. Hannun dama ya biyo.

"Wato kwan ne ke shanye wutar kafin ta kai ga injin," Duane ya ce, yana sosa ƙeya. "Ai da ma na yi zargin haka."

Lorna ta rufe gwangwanin. A bakin hanya wasu yara uku cikin kayan dodanni sun riga sun tsaya, babu mai son ya fara takowa.

Wata bakwai tana yi wa mijinta magana da muryar da ake lallashin jariri. Yanzu ta tsuguna gabansa ta tambaye shi yadda ta saba tambayarsa a da.

"To, Malam Vern, ya yi?"

Ya kalli Ethel sama da ƙasa. Ya taɓe gefen bakin da ke motsi, ya nuna zaren hannun hagu, wanda ya ɗan yi sako-sako.

"Ka ji shi ko," Lorna ta ce wa Trish, hawaye na zubo mata tana dariya. "Shekara arba'in da ɗaya, ban taɓa yin abu ya ce ya yi ba."

Ta jawo tsani ta hau, tana waiwayensa don ya nuna mata inda za ta tsaya.