Jar Motar Alhaji Kyari

"Riƙe nan, Alhaji. A'a, ƙarfen sama na ce."

Hajiya Falmata ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin hammatar mijinta tana ƙoƙarin fito da shi daga adaidaita sahu, ƙafarsa ta dama kuwa ta ƙi biyo shi. Direban ya yunƙura zai taimaka, ta watsa masa harara, ya koma ya zauna. Tun da ɓarin jikin Alhaji Kyari ya shanye bayan ƙaramar salla, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Ita ce wanka, ita ce ba da abinci a baki, ita ce juya shi a gado. Ko 'yarsu Khairiyya da ta ce za ta zo ta kama mata, cewa ta yi ta zauna ɗakinta.

A ƙofar wani shagon kayan gyaran mota suka sauka a Sabon Gari. Mai shagon, Augustine, wani dattijo mai furfura da tumbi, ya fito da sauri yana goge hannu a jikin wando.

"Kyari! Ashe za ka zo! Sannu da zuwa, Hajiya." Hausarsa tsaf, don a Kano aka haife shi.

Ta amsa ciki-ciki. Ba da son ranta ta zo ba. Duk makon nan Alhaji kalma biyu yake nanatawa da nauyin harshensa, "Asabar" da "Ogastin." Jiya da ta yi kamar ba ta gane ba, ya ture kwanon tuwo ya juya fuska bango. Sai da ta nemo lambar mutumin a wayarsa sannan ta ji bayani: duk shekara idan damina ta faɗi akwai wani tseren motoci da ake yi a Faransa, su biyun suke zama su kalla a ɗakin bayan shago. Ita kuwa tsawon shekarun nan ta ɗauka dilolin atamfa yake tsayawa saukewa a Kantin Kwari.

Ɗakin na warin baƙin mai da sabuwar taya. Akwai tsohuwar kujera mai kushin wadda Augustine ya ce ta Kyari ce, da talabijin ƙato a bango. Aka zaunar da Alhaji. Falmata ta jawo benci ta zauna daf da shi, jakar magani a cinyarta.

Farko abin ya ɗan yi armashi. Motoci masu kama da ƙwaro suka taso a guje da wata irin ƙara, ɗaya ta gogi ɗaya, Augustine ya buga ihu. Bayan haka sai suka yi ta zagaye. Su wuce wata kwana, su shiga daji, su fito, su sake wuce kwanar.

"To yanzu ina za su?" ta tambaya.

"Nan ɗin dai, Hajiya. Zagaye ake yi."

"Wace ce a gaba? Waccan farar da ta wuce shuɗiya?"

"A'a, waɗancan ba tare suke tsere ba. Rukuninsu daban."

"Hanya ɗaya, amma ba tare suke tsere ba?"

"Haka ne."

Ta ja tsaki a hankali. Augustine ya nuna mata jerin lambobi da ke gefen allon, ƙanana kamar tururuwa, suna hawa suna sauka. Ya ce a nan ake gane komai. Ta zura ido har hawaye ya taru mata, ba ta gane komai ba.

"Ta Kyari ita ce jar nan," ya ce. "Tun fil azal ja yake bi."

Amma masu ɗaukar hoton ba ruwansu da jar mota. Da ta fara sabawa da ganinta sai su ɗauke su nuna wani mutum yana cin burodi, ko wasu Turawa kwance a ciyawa sun rufe fuska da hula. Can sai a jefa ka cikin mota, komai na jijjiga, ba ka ganin komai sai hannu da sitiyari. Wasu maza biyu da ba a ganin fuskarsu suna ta zuba Turanci ba numfashi, su yi dariya su kaɗai.

"Me suke cewa?"

"Wai ƙila a yi ruwa."

"Tun ɗazu abin da suke faɗi ke nan?"

"Ɗayan ya ce ƙila ba za a yi ba."

Falmata ta duba agogon wayarta. "Malam Augustine, yaushe za a gama ne? Alhaji yana da magani bayan magariba."

Augustine ya sosa ƙeya. "Ai Hajiya, sai gobe war haka."

"Gobe?"

"Kwana ake yi ana tseren. Wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci."

"Innalillahi! Kai, Alhaji, tashi mu tafi. Mun gani ai."

Alhaji Kyari bai ko waiwayo ba. Hannunsa mai lafiya ya damƙe kan sandarsa, idonsa na kan allo.

Da aka kira la'asar, Augustine ya miƙa hannu saman wani kwali ya sauko da darduma da buta. Ya ce na Kyari ne, a nan yake ajiye su. Kafin Falmata ta ajiye jaka, ya riga ya tallafo Alhaji ya nufi banɗaki da shi. Ta miƙe da sauri.

"Bar shi, ni zan kai shi!"

"Zauna, Hajiya. Haka na yi jinyar babana har Allah ya karɓi abinsa."

Ta bi su da ido, tana jiran Alhaji ya tirje kamar yadda yake yi wa kowa. Bai tirje ba. Chidinma, matar Augustine, ta leƙo ta ja ta zuwa ɗan lungun da take ajiye kayanta, ta shimfiɗa mata zane ta yi salla. Da ta idar, matar ta miƙo mata zoɓo mai sanyi, ta dube ta da kyau.

"Hajiya, yaushe rabonki da barci?"

"Ina yi," in ji Falmata a taƙaice.

Ta dawo ta tarar jar motar ta tsaya a rumfar makanikai, mutane sun yi mata caa. Aka zaro direban, wani ya faɗa ciki, motar ta tashi.

"Ya gaza ke nan?"

"A'a, karɓa-karɓa suke yi. Direba uku ne a kowace mota."

"Uku! To wannan ai ragwanci ne. Direbobin Maiduguri su kaɗai suke kai mota su dawo da ita."

Augustine ya yi dariya har da buga cinya. Ita ba ta ga abin dariya ba.

Daga baya ruwan da Turawan suka yi ta gardama a kansa ya sauko. Hanya ta yi santsi. A wata kwana jar motar ta juya kamar faifai, ta zarce cikin tsakuwa, laka ta fantsama. Augustine ya miƙe tsaye. Direban yana ta ƙoƙarin fito da ita, tayoyi na watsa tsakuwa, sauran motoci na wucewa. Ana cikin haka hoton ya ɗauke, aka sako talla, wani kyakkyawan saurayi ya bayyana yana ɗaura agogon hannu a bakin teku.

Alhaji Kyari ya ɗaga sanda ya buga a ƙasa.

"Ku mayar mana da motar, 'yan banza!"

Maganar ta fito a karkace, amma ta fito duka, daga farko har ƙarshe. Tun da ya kwanta Falmata ba ta ji ya haɗa kalma uku ba. Jakar magani ta zame daga cinyarta. Ta taso ta durƙusa gabansa, ta sa bakin mayafinta tana share masa yawun da ya zubo.

"Alhaji! Alhaji, sake faɗi in ji."

Tallan ya ƙare. Alhaji ya karkatar da kai yana leƙen bayanta, sannan ya sa hannu ya ture nata.

"Falmata... kin tare min."

Ta tsaya a durƙushe. Ta rasa kuka za ta yi ko masifa. Wata nawa tana goyon mutumin nan kamar jariri, da bakinsa ya buɗe talabijin ya fara yi wa magana, ita kuma abin da ta samu ke nan. A allon, wata motar ɗaukar kaya ta ciro jar motar ta ajiye a kan hanya, ta ci gaba da zagayenta kamar ba abin da ya faru. Augustine ya dafa kafaɗar abokinsa, su biyun suna murmushi.

Ta miƙe ta karkaɗe zanenta. Ta ɗauki jakar daga ƙasa, ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta dangwarar a kan benci.

"Farar ƙwayar bayan magariba, sai ya ci abinci. Kada a ba shi mai gishiri. In ya yi tari a ɗaga shi zaune."

"An gama, Hajiya. Da kaina zan kawo shi gida Kwaciri."

"Yaushe?"

Augustine ya dubi allon, ya dube ta, ya sake sosa ƙeya.

"Allah ya shirye ku," ta ce, ta fita.

A waje hadari ya haɗo ta gabas, 'yan kasuwa na ta janye kaya. Ta tare adaidaita ta shiga, ta matsa gefe don ta bar wa Alhaji wuri, sannan ta tuna ba ya tare da ita. Ta ɗora hannuwanta a cinya ta dube su. Duk sun bushe da sabulu, farcen fari fat.

"Hajiya, ina muka nufa?"

Ta buɗe baki za ta ce Kwaciri.

"Fagge," ta ce. "Gidan Zaituna mai lalle, zan nuna maka. Kuma ka bi a hankali, ni ba tsere nake yi ba."