Cajar Ginika da Kazar Somto

Ai kwamfutar Ginika ta tashi, har da ribar kaza! Tsaya ki ji.

Kin san da ita take zana tambarin da masu takalman kasuwar Ariyariya ke mannawa a kwali. To tun makon jiya kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Ginika ta danna abu, ta je ta kwaɓa garin rogo ta dawo, bai buɗe ba. Ga caji ba ya shiga. Masu takalma suka ce in Asabar ta yi babu zane, wani za su ba. Mijinta ya ce cuta ce ta shiga kwamfutar, aka goge komai aka sake zubawa, duk a banza.

Sai ta goya jaririnta Somto, ta nufi shagon Dede Okorie mai gyara. Ya taɓa fanka, lafiya lau. Ya sake kunnawa, ya shiga wani shafi da ke zuwa kafin komai, ya nuna mata: injin ya ce bai san wannan caja ba. Wai akwai 'yar allura a tsakiyar bakin caja, ita ke gaya wa injin ƙarfin wutar. In bai ji daga gare ta ba, sai ya taka wa kansa birki don kar ya ja abin da ya fi ƙarfinta.

Ya jona tasa cajar. Kafin ƙiftawar ido, zane ya buɗe.

Ya ɗaga tata yana dubawa. Allurar ta lanƙwashe, ga tsatsa, ga 'yan ramuka a roba.

"Nne, uwata, ɓera kike kiwo?"

Ginika ta haɗiye dariya. Ta daɗe da ganin abin, bakinta na ƙaiƙayi, amma a wajenmu uwa ba ta fara faɗa. Wanda ya fara furtawa, shi zai ba yaro kaza.

Dede ya leƙa bayanta, ga Somto na dalalar da miyau. "Au, ashe ɓeran ne a goye. Yaron nan ya yi haƙori!"

"Da bakinka ka faɗa, Dede. Mai ƙwai nake so."

Ya dafe kai, maƙwabta na yi masa tsiya. Ta sayi sabuwar caja, ta miƙa zane tun Juma'a, kaza kuma tana ɗaure a bayan gida.

Don Allah ki gaya wa matan layinku su rataye caja sama. Ni tawa tana kan ƙusa.