Ƙafar Malam Sammani

Aziza ta fi sanin takalmin surukinta a kan fuskarsa. Ba abin mamaki ba ne, don tun da aka kawo ta gidan, a wani ƙauye da ke bayan Bunkure, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Kullum da safe, kafin ta hau A Daidaita Sahu zuwa asibitin da take aiki a wajen Kura, sai ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa, labule a tsakaninsu, ta ce, "Baba, ina kwana?" Shi kuma daga ciki ya amsa, "Lafiya lau, 'yar nan. Allah ya yi albarka." Hira ta ƙare ke nan sai gobe. Sunansa Malam Sammani. Ni na faɗa muku, don ita ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta faɗa ba.

Bara ta gama makarantar koyon jinya, aka ɗauke ta aiki tare da wasu sababbin nas-nas, aka damƙa su a hannun Sista Kulu don ta ƙarasa gyara su. Sista Kulu gajeruwa ce mai jiki, muryarta tana riga ta shiga ɗaki. Ran da suka fara zuwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Takardarku ta nuna kun ci jarrabawa, ba ta nuna kun iya ba. Wannan ni zan gani da idona." Suna tsoronta, suna kuma sonta, don in ta gama yi maka faɗa ita ce za ta buɗe kwanonta na dambu ta ce ka sa hannu.

Duk ranar Alhamis takan tara su ta yi musu darasi. Wata Alhamis sai ta ɗauko zancen ƙafar mai ciwon suga.

"Ku buɗe kunne," in ji ta, "don mutanenmu na nan manoman rani ne, wuni suke a tsaye cikin ruwa ba takalmi. Mai ciwon suga ƙafarsa ba ta kai masa ƙara. Ƙaya ta soke shi bai ji ba, kwalba ta yanke shi bai ji ba. Kafin ya farga ciwo ya ci ya kai ƙashi, sai likita ya ce a yanke. Kada ku tambaye shi ko yana jin zafi, zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Ku duba da idonku, har tsakanin yatsu."

Nan take Aziza ta tuna da surukinta. Malam Sammani ya daɗe da ciwon suga. Kuma kwanakin nan, in ta durƙusa gaisuwa, takan ga takalminsa na hagu da wani jiƙaƙƙen tabo a ciki, ƙudaje suna binsa, na daman kuwa fes. Ta gani, ta kawar da kai, don ina ruwan suruka da takalmin suruki? Yanzu ta san abin da tabon yake nufi, kuma ta san in aka yi sake ƙafar Baba za ta tafi.

Da ta koma gida ta zayyana wa mijinta Safwan komai. Safwan ya ji, hankalinsa ya tashi, amma sai ya hau sosa ƙeya. Shi ne ɗan fari, shi da mahaifinsa ba sa haɗa ido, ko sunansa tsohon ba ya kamawa. Sai ya ɗauki maganar ya kai wa mahaifiyarsa Iya, ya rage mata kaifi. Iya ta ɗauka ta kai wa mijinta tare da kunun safe, ita ma ta rage abin da ya saura.

"Malam, yaran nan suna yi maka sannu da ƙafa."

"Madalla, na gode musu," in ji shi. "Ƙafa kam da sauƙi."

Ya saɓa fartanyarsa ya nufi gonar tumatir, don ranar ake sako musu ruwa. Aziza na tsaye a bayan zana tana jin yadda saƙonta ya fita daga bakinta da maganar yanke ƙafa, ya isa a matsayin gaisuwa. Takaici ya sa ko karin kumallo ba ta yi ba.

A asibiti Sista Kulu ta lura da ita, ta matsa mata har ta faɗa. Ba ta yi dariya ba, ko da yake bakinta ya motsa. Ta ce, "Zuwa da kai ya fi saƙo." Da aka tashi aiki ta sa Safwan ya yi mata jagora a babur, ita tana biye a A Daidaita Sahu, har bakin gonar. Ta tsaya a kan kunyar albasar maƙwabci da fararen kayanta, ta ƙwala sallama.

"Malam, fito daga ruwan nan ka ɗaga mini ƙafarka in gani."

"Hajiya, ai ba ta yi mini ciwo."

"Na sani. Ƙafarka ba ta kai maka ƙara, shi ya sa na zo da kaina."

Da yake ita ba surukarsa ba ce, ba shi da inda zai ɓuya. Washegari da safe yana kan gadon asibiti. Likita ya duba mikin da ke tafin ƙafar, ya rubuta magani, ya ce akwai sauran dama, amma sai an wanke ciwon kullum ba fashi, kuma ƙafar ta yi sallama da ruwan gona. In ba haka ba, wuƙa ce. Aka ce a kwantar da shi, Malam Sammani ya ce atafau, tumatirinsa ya fara nuna, ko daga bakin gona ne sai ya sa ido a kan masu tsinka.

"To, ba komai," in ji Sista Kulu. "Ai kana da nas a gida. Aziza, sa safar hannu. A gabana za ki fara, in ga hannunki."

Safwan ya tuna ya bar babur a rana, ya sulale. Aziza ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jawo tiren kayan wankin ciwo, ta tsuguna, ta karkatar da fuska wajen bango. Malam Sammani shi ma ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta masa wani abu a can. Da gefen ido ta wanke mikin, ta share, ta sa magani, ta naɗe bandeji tsaf yadda aka koya mata a makaranta. Naɗin ya yi kyau, ko a jarrabawa sai haka.

Sista Kulu ta matso. Ta sa almakashi ta warware naɗin, ta buɗa ƙananan yatsun biyu. Ga wani ciwon nan a tsakaninsu, ƙarami, bakinsa ya fara baƙi. Ta rufe ƙafar da ƙyalle, ta ja Aziza waje, don ba ta yi wa ɗaliba faɗa a gaban majiyyaci.

"Idonki yana ina?"

"Sista, Baba ne fa."

"Na san Baba ne. Ni ma ina da surukai, har yau a durƙushe nake gaishe su. Kunya ado ce, ban ce ki yar ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ɗan ƙaramin da kika tsallake, shi ne mai cin ƙafa. In aka yanke ta, kika ga tsohon nan yana dogara sanda a tsakar gida, da wane ido za ki dubi mijinki?"

Hawaye ya zubo wa Aziza. Ba faɗan ne ya sa ta kuka ba, ganin da ta yi ne cewa da hannunta ta naɗe ciwon da zai nakasa mutumin da kullum yake sa mata albarka. Sista Kulu ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa mata sabuwar safar hannu.

Ashe taga a buɗe take, kuma muryar Sista Kulu ba ta san raɗa ba. Da suka koma, sai suka tarar Malam Sammani ya miƙe a gado, ya cire hularsa ya kife ta a fuska, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Hajiya," in ji shi daga ƙarƙashin hular, "ki gaya wa ma'aikaciyarku ni barci nake yi. Mai barci ba ya ganin kowa."

"Kin ji," in ji Sista Kulu. "Majiyyaci ya yi barci. Bismilla."

Aziza ta tsuguna, wannan karon ta duba. Ta ga faso a diddige, ta ga farcen da laka ta rina, ta ga kantar shekaru na taka kunyoyin shinkafa. Da wannan ƙafar aka ciyar da Safwan, aka kai shi makaranta, da ita aka yi ɗakin da take ciki. Tausayi ya kama ta. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta tsane, ta cire mataccen nama a hankali, Sista Kulu na tsaye a kanta tana cewa, "Ƙara nan. Yawwa. Kada ki yi sauri." Da ta gama, Sista Kulu ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Yau kin fara zama nas." Mai barci kuma ya ce, "Alhamdu lillahi."

Saura gida, inda babu Sista Kulu. Washegari Aziza ta durƙusa a ƙofar ɗakin da tirenta, ta yi gaisuwa, aka amsa, sai ta rasa ta inda za ta ɓullo wa maganar. Tana cikin wannan sai labulen ya motsa. Ƙafar hagu ta leƙo ta ƙarƙashinsa, ita kaɗai, ta sauka a kan 'yar kujerar da Iya ta ajiye. Aziza ta danne dariya, ta yi aikinta. Da ta ɗaure bandeji, ta tattaro duk ƙarfin halinta, ta dubi ƙafar ta ce, "Baba, ba shiga ruwa sai na ce."

Ba ta rufe baki ba ta fara nadama.

"To, Sista," in ji shi.

Haka aka yi ta yi har aka gama tsinkar tumatir. Malam Sammani yana zaune a inuwar mangwaro a bakin gona, ƙafa a naɗe, yana ba da umarni da baki. Duk Alhamis Sista Kulu sai ta tsare Aziza a gaban sauran ɗalibai ta ce ta ba da labarin ƙafar surukinta, launin mikin da warinsa da zurfinsa, sauran suna ƙunshe dariya suna koyo. A hankali baƙin ya washe, jan nama ya taso, bakin ciwon ya haɗe. Ran da likita ya ce ƙafa ta tsira, Iya har guɗa ta yi a tsakar gida.

Washegari Aziza ta zo gaisuwa hannu sake, ba tire. Ta durƙusa, ta ce, "Baba, ina kwana?" Sai ga ƙafar ta leƙo ta ƙarƙashin labule kamar kullum.

"Baba, ai ta warke."

"Ki dai duba, 'yar nan," in ji Malam Sammani. "Ni ba ta kai mini ƙara. Ke take kai wa."