Bindigar da Na Sayar wa Mista Orval

Darla ce ta shigo shagona ranar Alhamis da hantsi, da kayan aikinta na asibiti a jiki. Ta tsaya gaban akwatin gilashin da nake jera ƙananan bindigogi, amma ko ɗaya ba ta kalla ba. Ni ta zuba wa ido.

"Dewey, ranar Asabar zan kawo Baba ya sayi bindiga," ta ce. "So nake ka sayar masa da wadda ba ta tashi."

Na yi dariya, don na zaci zolaya ce. A ɗan garin nan namu na gindin duwatsun Arkansas, shagona ne kaɗai na jingina da bindigogi, kuma na sha jin buƙatu iri-iri, amma ban taɓa jin wannan ba. Balle a ce Mista Orval Pruitt za a yi wa. Rabin mazan garin a bayan gonarsa suka fara harbin gwangwani, har da ni. Idan ka kuskura ka juya bakin bindiga wajen mutum, ko da babu harsashi a ciki, sai ya murɗe maka kunne ya kora ka gida ka yi wa ubanka bayani da bakinka.

Darla ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce tun bara kan mahaifin nata ya fara rikicewa. A watan jiya mijinta Wendell ya shiga harabar gidan tsohon da sabuwar mota, da rana tsaka. Tsohon bai gane motar ba, ya fito baranda ya saki harbi. Gilashin baya ya tarwatse, ga 'yarsu Tessa a zaune a kujerar baya. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Kashegari ya manta sarai. Ranar Lahadi ita da tsohon suna coci Wendell ya je ya kwashe bindigoginsa kaf, da suka dawo aka ce masa ɓarayi ne.

"An yi gudun gara an faɗa gidan zago," in ji ta. "Yanzu ya ce ɓarawon da ya san gida ba bindiga dole ya dawo. Ya daina barci, Dewey. Ya tare ƙofa da kujeru, abinci ma a tsaye yake ci. Ya ce in ban kawo shi nan ba, zai sami mai kai shi wajen baje kolin bindigogi, inda ba mai tambayarsa komai. Can kuwa mai tashi za su ba shi."

"Ni fa ba maƙaryaci ba ne, Darla."

"Kai ɗin? Wa ya sayar wa Wendell injin yankan ciyawa ya ce tsohuwa ce ta yi amfani da shi sau biyu?"

"Tsohuwar ce mai ƙarfi."

Ta ɗan yi murmushi, sai kuma idonta ya kawo ruwa. Ni abin da na tsana a duniya mace ta yi kuka a shagona, don haka na ce mata ta je, na ji.

Ranar Juma'a na ɗauko wata tsohuwar libarba, ƙaramar bindigar hannu ta ƙarfe, da wani direban tirela ya jinginar bai dawo ba. Na kwance ta na zare allurarta, wato ɗan siririn ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashi. Idan babu shi, ka ja kunamar bindigar har yatsanka ya gaji, ƙara kawai za ka ji. Na mayar da komai na goge ta da mai har tana sheƙi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyawun nasa ne ya fi ba ni haushi.

Asabar da safe suka iso. Mista Orval ya sanyo rigarsa ta zuwa coci, a goge, da hular malafa. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa.

"Ɗan gidan Stancil!" ya ce tun daga ƙofa. "Wannan tumbi fa? Bindigogi kake sayarwa ko cinye su kake yi?"

"Barka da zuwa, Mista Orval. Girkin matata Nadine ne, ba laifina ba."

"Ka ce mata ta rage mai. Ka ji abin da aka yi mini?"

"Na ji. Allah ya tona asirinsu."

Ban san lokacin da addu'ar ta fita daga bakina ba. Darla ta juya tana duba wata tsohuwar garaya da ke rataye a bango kamar za ta saya.

"Ba tsada nake nema ba," in ji shi. "Ni ba yaƙi zan tafi ba. Abin da zai tsare ƙofa kawai, daidai kuɗin ɗan fansho. Miƙo mini doguwar can."

Bindigar harbin tsuntsu ya nuna, irin wadda ake ja da hannu a ɗana ta. Mutanenmu sun yi imani ƙarar ɗanawar kaɗai ta isa ta sa ɓarawo ya tuna uwarsa. Ba ta cikin shirinmu, amma ba ni da hanyar hana shi. Na buɗe na nuna masa ba komai a ciki, ya karɓa ya sake dubawa da kansa, bakinta na kallon ƙasa. Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, hannunsa ya hau rawa. Ya ja don ya ɗana, ta tsaya a rabi. Ya sake ja, ta ƙi. Ni na san lafiyarta lau.

"Ta yi tsatsa," na ce da sauri.

"Araha ba ta ado," in ji shi, ya ajiye ta a hankali. Bai kalle ni ba.

Na nuna masa wata ƙarama ta zamani, mai jikin roba. Ya juya ta sau ɗaya ya turo mini. "Wannan ai ka ba Tessa ta yi wasan ruwa da ita. Ba ka da ta ƙarfe, Harlan?"

Harlan sunan mahaifina ne, ya daɗe a kabari. Na amsa kamar sunana ne, na sunkuya na ɗauko libarbar daga ƙasan teburin shagon.

Fuskarsa ta washe. Ya buɗe ta, ya leƙa ramukan harsashi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ta wajen hasken taga ya duba cikin bututun. Ya rufe, ya girgiza ta kusa da kunnensa ko zai ji wani abu na motsi. Rawar hannun ta tafi. Mutumin da ɗazu ya kira ni da sunan mamaci, ga shi yana duba bindiga yadda ban taɓa ganin wani ya iya ba.

"Wannan ita ce bindigar gida," ya ce wa Darla. "Ba ta sarƙewa, ba ta neman ƙarfi. Ko shekara goma ta yi a aljihun tebur, ranar da ka neme ta za ta amsa. Nawa, yaro?"

Na faɗi kuɗin da bai kai rabin darajarta ba. Ya ce na cika tsada kamar ubana, na rage, ya ji daɗi. Darla ta sauke ajiyar zuciya har na ji daga inda nake. Na juya zan ɗauko kwali.

"Tsaya," in ji shi.

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro fensir, ɗan guntu mai magogi a gindi. Gabana ya faɗi. Tsohuwar dabara ce ta masu sayen bindiga ta hannu: a zura fensir ta baki, magogin ya sauka ƙasa, a ɗaga bakin sama a ja kunama. In allura na nan, za ta doki magogin fensir ya yi tsalle. Na san dabarar sarai. Na dai ɗauka cutar ta riga ta cinye masa ita, kuma a kan wannan zaton na gina duk aikina.

Ya zura fensirin, ya ɗaga bakin ya kalli rufi, ya ja. Ƙas. Fensir bai motsa ba.

Ya sake ja. Ƙas.

"Wataƙila fensirin ne ya yi gajere," na ce. Muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Ya dube ni ta ƙasan malafar. Irin kallon da yake yi mana ne a bayan gona, kuma duk da furfurar da ke kaina sai na ji kunnena ya ɗau zafi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

"Dewey Stancil," ya ce, yanzu kam da sunana daidai. "Wa ya koya maka gwajin nan?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ka goge ta da mai. Sabon mai ne, na ji warinsa." Ya zare fensirin, ya ajiye bindigar a kan gilashi. Ya daɗe yana kallonta kafin ya juya wajen 'yarsa. "Ba ɓarayi ba ne, ko?"

"Baba, mu je mota, zan yi maka..."

"Darla Jean. Me na yi?"

Ta toshe baki da hannu. Na so in shige ɗakin ajiya, amma na tsaya inda nake. A nan gabana ta gaya masa: sabuwar mota, baranda, gilashin baya. Da ta zo kan sunan Tessa sai ya dafa teburin shagon da hannu biyu.

"Ta ji ciwo?"

"Ko ƙwarzane, Baba. Wallahi."

"Shi ya sa ta daina zuwa."

Wata mota ta tsaya a waje, mai ita ya leƙo ta gilashin ƙofa, ya ga fuskokinmu ya koma. Ni kuwa ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a raina, ko wacce na ɗauko sai in ji ta yi ƙanƙanta. Abin da ya fi cina shi ne ba ƙaryar ce ta dame ni ba. Raina shi na yi. Na yanke hukunci cewa ya ƙare, na yi masa aikin da ake yi wa yaro mai rigimar abin wasa.

Ya cire malafarsa, ya share goshi, ya mayar.

"Ba wani da zai iya mayar mata da allurar?"

"Sai an kawo ta wajen mai gyara."

"Ina allurar take?"

"Tana aljihun tebur ɗina."

"Ka jefa ta kogi." Ya turo mini libarbar da yatsa biyu. "Sa mini ita a kwali."

"Mista Orval, ba sai ka..."

"Na ce ka sa ta. Kai ka san yadda kan nan nawa yake yanzu. Kafin gobe maganar nan ta zube, ɓarayin ne za su rage. Gara in farka in ga ƙarfe a gefen gado in koma barci." Ya ɗan tsaya. "Ka haɗa da harsasai ma. In babu su zan yi zargi."

Na haɗa komai. Na ce ya bar kuɗin, ya ce shi ba ya karɓar sadaka daga mai tumbi, dole na karɓa. Muka gama 'yan takardun da doka ta ce, Darla na nuna masa inda zai sa hannu. Ya rungumi kwalin a hammata kamar wanda ya yi cinikin kirki, ya nufi ƙofa.

A bakin ƙofa ya tsaya ya laluba aljihun rigarsa. Ya dawo ya ajiye guntun fensirin a kan teburin, daidai gabana.

"Riƙe wannan," ya ce. Sannan ya juya wajen 'yarsa. "In mun isa gida, kafin in manta, ki bi ɗaki-ɗaki ki kwashe sauran fensiran. Akwai biyu a kicin, kusa da waya."